Ku Tambaya Mu Amsa: Lakcocin Taurari a Intanet

Saƙonnin wannan makon kusan duk sun karkata wuri ɗaya ne, wato lakcocin nan da masana sararin samaniya ke yi wa jama'a a intanet. Na zaɓi guda shida, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Kano amma ba sayins nake karanta ba, inason harkar taurari sosai tun ina yaro, naji ance akwai lakcoci da ake yi kyauta a intanet, dan Allah a ina ake samu kuma wanda bai iya lissafi ba zai gane?

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Zai gane mana, ai don irinka ake yinsu, lakcar da aka shirya wa jama'ar gari daban take da wacce masana ke yi wa junansu, a ta jama'a da wuya ka ga an cika allo da lissafi, hotuna ne da bayani sai kuma tambayoyi a ƙarshe.

Abin ba sabo ba ne fa, intanet ce kawai ta kawo mana shi har ɗaki. A Landan akwai Gresham College da aka kafa a 1597, tun daga lokacin aikinta kenan lakca kyauta ga duk wanda ya shigo, kuma tana da kujerar farfesan ilimin taurari tun farkonta, yanzu suna haska lakcocin kai tsaye sannan su bar su a YouTube. Akwai Royal Institution ita ma a Landan, wadda lakcocinta na ƙarshen shekara don yara da matasa suka faro a 1825. A Amurka akwai cibiyar da ke birnin Baltimo mai kula da aikin binciken madubin hangen nesa na Hubble da na James Webb, su ma suna lakcar jama'a kusan duk wata, kuma ni nasu na fi so in tura sabon shiga saboda mai maganar sau da yawa shi ne da kansa yake aiki da hotunan da yake nunawa, ba labari ya ji ba. Shi James Webb ɗin an harba shi ranar 25 ga Disamba 2021, yana can nesa da mu kimanin kilomita miliyan 1.5, hotunansa na farko kuma a Yulin 2022 aka nuna wa duniya kai tsaye. Sai NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da ke da tasharta, sai wani masani ɗan Italiya Gianluca Masi da ya fara Virtual Telescope Project a 2006, shi nasa salon daban ne, yana saita madubinsa kan wata ko tauraruwa mai wutsiya kana kallo a wayarka yana bayani.

Lokacin korona a 2020 ne abin ya yawaita, da aka rufe ɗakunan taro sai jami'o'i da ƙungiyoyi suka koma Zoom da YouTube, da yawansu kuma da suka ga mutane na shigowa daga ƙasashen da ba su taɓa tsammani ba sai suka ci gaba har bayan an buɗe gari.

Kar ka ɗauka duk na Turai da Amurka ne. Afirka ta Kudu na da manyan na'urori, akwai madubin SALT a Sutherland da na'urar MeerKAT mai faifan sauraro 64 a yankin Karoo, kuma a Agustan 2024 aka yi babban taron ƙungiyar masana taurari ta duniya a Kef Tawun, karo na farko a Afirka tun kafa ƙungiyar a 1919, aka haska zaman a intanet kowa ya kalla. Ghana na da faifan sauraron sama mai faɗin mita 32 a Kuntunse da aka ƙaddamar a 2017. Mu nan Najeriya hukumar NASRDA tun 1999 take, tana da cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka. Abin da ke min ciwo dai shi ne na Hausa ya yi ƙaranci ƙwarai, muna da ɗaliban fizis a Bayero da ABU da Danfodiyo da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, minti goma na bayani mai kyau da Hausa kan dalilin da wata ke ƙaruwa yana raguwa zai fi amfanar mutanenmu fiye da awa biyu na Turancin farfesa, amma shiru kake ji.

Shawarata kar ka fara da baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ko haske ba ya kuɓuce masa, ko asalin halittar sararin samaniya duk da su ne suka fi jan hankali. Fara da wata, da rana, da duniyoyin da ke kewaya rana, abin da za ka iya fita waje ka gani da idonka a daren.

TAMBAYA: Ni dattijo ne daga Sakkwato. Ɗana kullum yana kan waya wai yana sauraron ilimin taurari. Mu dai mun taso mun san ilimin taurari aikin 'yan duba ne da bokaye. Shin ba hanyar ɓata yake bi ba?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, damuwarka tana kan hanya, kuma gara uban da ke tambayar me ɗansa ke kallo. Fatawa ta malamai ce, amma bambancin abubuwan biyu a fili yake. Mai duba yana cewa tauraro kaza ya hau don haka aurenka zai yi albarka ko kasuwarka za ta karye, wato yana jingina ƙaddarar mutum ga tauraro yana da'awar sanin gaibu. Masanin falaki kuwa awo yake yi, yana gaya maka nisan rana da mu kimanin kilomita miliyan 150 ne, haskenta na ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso, wata kuma kimanin kilomita 384,000, kuma duk abin da ya faɗa wani zai iya sake aunawa ya ƙaryata shi in ya yi kuskure. Su kansu masu lakcar nan in kana so ka ga ransu ya ɓaci to ka tambaye su burujinka na wannan watan.

Kuma Baba wannan ilimin ba baƙo ba ne a gidan Musulmi. A cikin Suratul An'am an ambaci taurari a matsayin abin da ake gane hanya da su a duhun tudu da teku, a Suratu Yunus an ambaci masaukan wata don a san ƙidayar shekaru da lissafi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce, sai ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, hadisin na cikin Buhari da Muslim. Al-Battani da ya rasu a 929 ya auna tsawon shekara ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da 'yan daƙiƙu, tsakaninsa da awon yau minti biyu ne da ɗoriya, ba kwamfuta ba madubi. Abdurrahman al-Sufi a 964 ya rubuta labarin wani ɗan gajimare a sama, shi ne gungun taurarin Andromeda da yanzu aka san haskensa na yin shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso idonmu. Lokutan sallah da alƙibla duk da wannan lissafin ake fitar da su, har kalandar da ke rataye a masallacin unguwa.

Kai ma na tabbata ka san malaman da ke ƙidayar taurarin damina, su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, masauki 28 su cika shekara, manomi ya san lokacin shuka da lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Wannan ƙidayar lokaci ce da kallon sama. Abin da zan ce kawai, ka sa ya kunna maka ɗaya ku kalla tare yana fassara maka, in ka ji ana maganar nisa da nauyi da zafi da shekaru to falaki ne, in ka ji ana maganar sa'a da soyayya da ranar da za a yi kuɗi to ka karɓe wayar. In kuma mai lakca ya bar awo ya shiga faɗin ra'ayinsa kan addini, wanda wasunsu kan yi, wannan ra'ayinsa ne, madubi bai nuna masa ba.

TAMBAYA: Malama ce ni a makarantar firamare a Damagaram, Turancin Ingilishi na ba ƙarfi, ga tsadar data, ga shi duk sanda na duba lokacin lakca sai in ga tsakar dare ne. Ya zan yi?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. Maganar lokaci gaskiyarki ne, lakcar ƙarfe 8 na dare a gabashin Amurka ƙarfe 1 ko 2 na dare ce a Nijar da Najeriya, ta ƙarfe 7 a Kalifoniya kuwa 3 ko 4 na asuba, bambancin awa ɗayan saboda suna canza agogo ne tsakanin bazara da hunturu. Na Landan sun fi mana sauƙi, lokacin zafinsu agogonmu ɗaya, lokacin sanyi mun riga su da awa ɗaya. Faransa kuwa akasin haka, da sanyi muna tare, da zafi sun riga mu da awa ɗaya. Amma ba dole sai kai tsaye ba, kusan duka ana ajiyewa, abin da za ki rasa kawai damar tura tambaya.

In kina jin Faransanci ai kin huta, cibiyar nazarin taurari ta Paris tana lakcar jama'a duk wata kuma ana samunsu a intanet. Na Ingilishin ma ki kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo, ki rage saurin maganar zuwa 0.75, za ki sha mamakin yadda za ki kama. Data kuma ki sauke ingancin hoton zuwa 240p ko 360p tunda galibi mutum ne tsaye yana magana, sai in an zo wurin hoto mai muhimmanci ki tsayar ki ɗaga. In kin samu wayfai ko garaɓasar dare ki sauke gaba ɗaya, malami ɗaya ya sauke sauran su karɓa ta Xender, shikenan.

TAMBAYA: An turo mana a gurup wai NASA tace duniya zatayi duhu kwana uku, wani kuma yace a kashe waya da daddare saboda wani haske mai haɗari zai wuce. Sannan ranar nan munga fitilu sun jeru a sama suna tafiya a layi. Meye gaskiya? Daga Gombe.

AMSA: Na farko da na biyu ƙarya ce tsagwaronta, kuma tsofaffin ƙarairayi ne, na duhun nan ya zaga a 2014 ya sake zagawa a 2015 ana ta canza yawan kwanakin, na kashe waya shi ma duk shekara sai ya dawo da sabuwar kwanan wata. Akwai ɗan'uwansu wai duniyar Mas za ta yi girman wata a sama, wannan tun 2003 yake yawo. Fitilun da kuka gani kuwa gaskiya ne kun gani, alama ta fi nuna taurarin ɗan'adam na Starlink ne, in an harba su da yawa lokaci guda sukan yi kwanaki suna tafiya a jere kafin su warwatsu, hasken rana ne ke dukansu shi ya sa ake ganinsu bayan magariba ko kafin asuba.

Wannan ya kawo ni kan wani abu, ba duk bidiyon da aka rubuta wa kai tsaye ba ne kai tsaye. Akwai masu ɗauko tsohon bidiyon 'yan sama jannati su yi ta maimaita shi don tara mabiya, akwai ma 'yan damfara da ke buɗe tasha da tambarin babban kamfani ranar da za a harba roka suna cewa ka turo kirifto a ninka maka. Lakcar gaske za ka ga sunan mai magana da jami'a ko cibiyar da yake aiki, za ka ga tashar ta daɗe tana irin wannan aikin, kuma za ka ji shi yana cewa wannan an tabbatar wancan har yanzu ana bincike. Duk wanda ya zo maka da tsoro da gaggawa da tura wa mutum goma, goge kawai.

TAMBAYA: Na kalli wata lakca da Larabci mai maganar yace an haifi wata tun da rana, amma aka ce ba a ga wata ba sai washegari aka ɗauki azumi. To waye yayi kuskure, masu lissafi ko masu duban wata? Ɗan'uwanku daga Kumasi.

AMSA: Babu wanda ya yi kuskure a nan ɗan'uwa, abu biyu ne ake haɗawa. Haihuwar wata a bakin masu falaki ita ce daƙiƙar da wata ya zo saiti ɗaya da rana, tsakaninta da mu, kuma a wannan lokacin ba a ganinsa sam saboda gefen da ke da haske ya ba mu baya. Ana lissafa wannan daidai har zuwa minti, shekaru masu yawa gaba. Ganin jinjirin wata kuwa sai ya matsa daga rana, in tazararsu ba ta kai wajen digiri 7 ba ido ba ya kama shi, kuma watan da bai kai awa 15 da haihuwa ba da wuya ƙwarai a gan shi da ido, sannan dole ya faɗi bayan rana ba kafinta ba, ga kuma hadari ko hazo da ƙura da kan rufe yamma. Shi ya sa za a iya haihuwarsa da safe amma a ranar babu mai ganinsa a Kumasi ko Kano, alhali can yammacin duniya inda rana ke faɗuwa bayan awanni shida ko takwas a gan shi.

Zagayen wata daga haihuwa zuwa haihuwa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, shi ne dalilin da wata ke yin 29 ko 30, shekarar Hijira ta zama kwana 354 ko 355, azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Akwai cibiyar falaki ta duniya a Abu Dhabi ƙarƙashin Muhammad Audah, wanda ya faro shirin duban jinjirin wata na ƙasashen Musulmi a 1998, suna fitar da taswirar inda za a iya gani da inda ba zai yiwu ba kafin kowane wata, ga mai jin Larabci bayanansu na da amfani sosai. Lissafin yana taimaka wa mai duba ya san inda zai kalla da ƙarfe nawa, kuma yana taimakawa a gane shaidar da ba za ta yiwu ba, don sau da yawa abin da mutum ya gani Zara ce ko wani ɗan siririn gajimare. Sanarwa kuwa ta shugabanni ce, a Najeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi da kwamitinsa na duban wata, ku a Ghana ofishin babban limamin ƙasa, kar mutum ya kalli lakca ɗaya ya zo yana raba kan masallaci.

TAMBAYA: Yarana uku sun kamu da son abin nan, kullum sai mun kalla, yanzu sun dame ni sai na sayo musu madubin hangen taurari kuma ba ni da halinsa. Akwai dabara? Maman yara daga Zariya.

AMSA: Hajiya kar ki saya tukun, musamman irin na roba masu arha da ake rubuta wa yana ƙara girma sau ɗari-ɗari, rawa suke yi ba a ganin komai sai yaro ya tsani abin. Kallon lakca ba a fita an ɗaga kai ba kamar koyon tuƙi ne a allo ba a taɓa riƙe sitiyari ba, kuma fitar ba ta buƙatar ko sisi. Ki saka musu manhajar Stellarium, akwai ta kyauta, ana saita gari sai ta nuna sunan duk abin da ke sama a daidai lokacin. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa shi ne daren ku, ku kashe tocila ku ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu.

Su fara da abin da kakanninsu suka sani. Kaza da 'ya'yanta, wato Suraya, tana fitowa sosai da daddare lokacin sanyi in hazo bai yi yawa ba, su ƙirga nawa kowa ke iya gani, yawanci shida ne ko bakwai alhali ɗaruruwa ne a wurin. Su nemi Zara da yamma, sannan ki gaya musu ita ce dai Gamzaki na asuba a wasu watannin, kuma ba tauraruwa ba ce duniya ce kamar tamu mai kewaya rana. Su riƙa zana siffar wata a littafi kullum har wata guda, da kansu za su gano tsarin. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma ana ganinta da ido, tana sama da mu kimanin kilomita 400 tana zagaye duniya cikin minti 90, haske ne mai ƙarfi da ke tafiya ba ya ƙyaftawa, NASA na da manhajar da ke faɗin lokacin da za ta ratsa ta kan garinku. In hali ya samu nan gaba, madubin hannu mai ido biyu ya fi, da shi za su ga ramukan wata, in an dafa shi a kan katanga har manyan watannin duniyar Mushtari guda huɗu da Galileo ya gani a 1610. 'Yan matan kuma ki nuna musu Maggie Aderin-Pocock, iyayenta 'yan Najeriya ne, tun 2014 take gabatar da shirin taurari na BBC.

Sai gargaɗi, kuma wannan ba wasa, kar su taɓa kallon rana kai tsaye, da ido ko da madubi, baƙin gilashi da fim ɗin hoton asibiti duk ba sa karewa. Manya za su tuna husufin 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Ghana, Togo, Benin, Najeriya, Nijar, Cadi da Libiya gari ya yi duhu da hantsi. Akwai wani babba ranar 2 ga Agustan 2027 da zai bi ta Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar da Saudiyya har Makka da Jidda, a Luksor duhun zai haura minti 6, mu nan arewa ɓangaren rana ne kawai zai rufe, cikakken sai dai a kalla a intanet don tashoshi da yawa za su haska. Na gida kuma ki huda kwali da allura, yaro ya juya wa rana baya ya bar hasken ya faɗa kan farar takarda, zai ga siffar ranar da gefenta a gutsure, ko ku duba ƙasan bishiyar darbejiya, ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye duk za su koma siffar lauje.